Dardumar da Mutum Ɗaya Ba Ya Ɗauka

Duk wanda ya daɗe a Helsinki, in dai ya taɓa hawa jirgin titi mai lamba uku, to Raili Kuosmanen ta taɓa tuƙa shi, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara talatin da huɗu ta yi a kan wannan kujera, tana jan koren jirgin lantarkin nan a kan dogonsa, daga bakin teku zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa tudun Kallio, ta zagayo ta sake. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da fara'a, ba ta kuma taɓa jin cewa tana bukatarta ba. Abin alfaharinta birki ne. In Raili ta tsayar da jirgi, tsohuwar da ke tsaye riƙe da kwalin ƙwai ba ta ko rangaji. Da kaka, lokacin da ganye ke zuba a kan dogo ya yi santsi, wasu direbobi na zarce tasha suna ba da haƙuri, ita kuwa tun daga nesa ta saki yashi a kan ƙarfen, ta tsaya daidai gaban allon kamar an auna da zare.

A Kallio aka haife ta, lokacin da unguwar take ta 'yan ƙwadago zalla, tun kafin samari masu gemu su cika ta da shagunan gahawa. Ɗaki ɗaya ne da madafa, su huɗu a ciki. Babansu ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Mamarsu tana sharar ofisoshi da sassafe, da yamma kuma ta sauka ɗakin ƙasa inda matan gidan suka ajiye masaƙa, ta yi ta saƙar dardumar tsumma. Ƙa'idar wannan saƙa guda ce, kowace 'yar garin nan ta san ta: sabon ƙyalle ba ya shiga. Sai riga ta tsufa, an yi mata faci, facin ma ya mutu, sannan a yanka ta siri-siri a dunƙule, ta jira ranar masaƙa.

Raili na da shekara sha huɗu yayarta Sirkka ta shiga jirgin ruwa zuwa Suwidin, a shekarun da matasanmu ke kwasa can neman aiki kamar an yi musu kira. Ta sami ɗinki a wata masana'antar tufafi a garin Borås. Duk Kirsimeti sai ga ƙunshi ya iso, da rigar da ta ɗinka wa Mama da hannunta, launi kuwa mai ɗaukar ido: ruwan goro da furanni, kore shar, shuɗi mai ɗige-ɗige. Sau ɗaya ta dawo gida, ta yi kwana uku, ta koma fuska a ɗaure. Daga nan ƙunshi ya yanke, wasiƙa ta koma kati mai layi biyu. Da Mama ta rasu, Sirkka ta aiko da furanni, ita ba ta zo ba. Raili ta tsaya bakin kabari ita da mijinta Pentti, ta ƙulle abin a ranta, shekara ashirin da biyar ba ta kwance ba.

To ga shi yanzu Pentti ma ya rasu shekara biyu, haihuwa kuma ba ta zo musu ba. A duk faɗin duniya Raili ba ta da wani jini na kusa sai wannan yayar da ba ta kira sai ranar haihuwa. Ana nan cikin watan Yuni waya ta yi ƙara. Sirkka ce, wai za ta zo Helsinki ranar Litinin ta koma Laraba a jirgin ruwa na ƙarfe biyar na yamma. Wai ta kama ɗaki a otal. Wai kuma 'yarta ta bugo mata takarda mai jerin wurare goma da ya kamata baƙo ya gani.

Baƙo! A garin da aka yanke mata cibiya! Raili ta ajiye wayar ta zauna, kunnuwanta na zafi. Ga ɗaki nan a gidanta babu mai kwana a ciki, amma otal. Sai dai a ƙarƙashin fushin akwai tsoro, kuma ba ta ɓoye wa kanta ba. Ita sittin da bakwai, Sirkka saba'in da biyu. In yayar nan ta hau jirgin Laraba yadda ta sauko, da takardarta da hotunanta, to shi ke nan, ba za su sake ganin juna ba. Raili ta san haka sarai, ta kuma san bakinta ba zai iya cewa "zauna" ba, domin mu mutanen nan gara mu ɗauki dutse da mu faɗi irin wannan kalma. Sai ta yanke shawara garin zai yi magana a madadinta. Ta goge farar rigarta, ta maƙala ƙaramar lambar yabon da aka ba ta ranar barin aiki.

Ranar Litinin da safe suka haɗu a tashar jirgin ruwa, suka gaisa da hannu kamar waɗanda aka haɗa a banki. Sirkka doguwa ce, furfura a gyare, sanye da rigar ruwa rawaya irin wadda masu yawon buɗe ido ke sawa ko da sama tas take. Harshenta ya karkace, tana rera magana irin ta mutanen can.

Suka fara da farar majami'ar nan mai koriyar kubba, wadda ke zaune a kan gari kamar hula. Raili ta haye matakalar tiryan-tiryan ba ta tsaya ba, gwiwoyinta na ihu, ita kuwa ko a fuska. Daga sama ta nuna mata dandalin, jami'a a wannan gefe, fadar gwamnati a wancan, da lungun da jirginta ke karya kwana, inda sabon direba ke zufa ko cikin sanyi. Sirkka ta ɗauki hoto, ta ce da kyau, ta ciro biro ta soke lamba ɗaya. Suka je jar majami'a mai kawunan zinariya, ta soke lamba biyu. Suka shiga wadda aka fafe cikin dutse, inda rufin tagulla ke juyawa a samanka, haske na zubowa ta gefe, ruwa na tsattsafowa daga jikin bango. Raili ta kawo baƙi nan ba iyaka, har yau in ta shiga sai tsigar jikinta ta tashi. Ta saci kallon yayarta. Sirkka na neman inda biro ya faɗi cikin jaka.

Abin da ya fi cin ran Raili shi ne allon tituna. Kowane titi a garin nan sunansa biyu ne, na harshenmu a sama, na harshen Suwidin a ƙasa, Sirkka kuwa na ƙasan take karantawa, har titin da ta bi shekara takwas zuwa makaranta. A kasuwar bakin ruwa suka sayi soyayyun ƙananan kifi. Raili ta juya baya ga teku ta kare farantinta da hannu yadda kowane ɗan gari yake yi. Sirkka ta miƙa nata a fili tana gyara tabarau, tsuntsun teku ya sauko ya sure rabi ya bar ta da dankali. Raili ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai tun suna yara tsuntsayen nan sun san baƙo. Sirkka ba ta yi dariya ba, ta ce a Stockholm an fi tsabtar kasuwa.

Talata suka tsallaka tsibirin ganuwa, suka ga manyan bindigogin da ciyawa ta kewaye, suka bi ramukan dutse suna sunkuyawa, iska na neman cire musu kunne. Lamba shida, lamba bakwai. Da suka dawo Raili ta ce yau a jirgin titi za su zaga gari, a layin da ta tuƙa. Direban wani mai furfura ne da ita ta koya wa aiki, yana hango ta ya kaɗa ƙararrawa sau biyu ya ɗaga mata hula. Raili ta gyaɗa kai kaɗan, ƙirjinta kuwa kamar zai fasa rigar. Jirgi ya haye gada ya fara hawa tudun Kallio. Gidansu na nan a hannun dama, mai hawa biyar, tagar madafarsu ita ce ta uku daga kusurwa. Raili ta zuba wa yayarta ido tana jira. Sirkka ta sunkuyar da kai kan takardarta, ba ta ɗago ba sai da suka wuce tasha biyu. Kallio ba ya cikin jerin, maƙabartar da Mama take ma ba ta ciki.

Laraba Raili ta tashi da baƙin ciki sosai. Ta nuna majami'u, ta nuna ganuwa, ta nuna aikin rayuwarta, duk an soke su da biro. Tana tsaye a zauren gidanta da kofin gahawa sai idonta ya sauka kan dardumar da take takawa, ta ƙarshe da Mama ta saƙa, doguwa daga ƙofa har madafa. Duk watan Yuli ita da Pentti ke kai ta bakin teku su wanke, domin darduma in ta sha ruwa nauyin ɗan maraƙi gare ta, mutum ɗaya ba ya ɗauka. Tun rasuwarsa ba a wanke ta ba, ta yi toka-toka, launukan duk sun ɓuya. Raili ta naɗe ta, ta cusa cikin keken cefane, ta jefa sandar sabulun man itace da buroshi biyu.

A ƙofar otal ta ce wa Sirkka yau tana da wanki, wurin kuma dab da tashar jirgi yake, in tana so ta biyo ta, in ba ta so ga taswira, lamba goma ba ta da wuyar samu. Sirkka ta dubi keken, ta dubi takarda, ta ja akwatinta ta bi ta.

Dandamalin wankin na nan inda yake tun zamanin kakanninmu, a bakin teku gefen lambun Kaivopuisto, katako a kan ruwa da dogayen tebura. Mata uku ne a wurin da wani dattijo mai gajeren wando, kowa na harkarsa, babu mai ce wa kowa uffan. Ƙamshin sabulun ya cika iska. Raili ta shimfiɗa kan dardumar a tebur, ta ɗebo ruwa da bokiti ta kwara, ta goga sabulu ta kama aiki. Sirkka ta zauna kan akwatinta tana duba agogo.

Wuyan hannun Raili ya daɗe yana damunta, ba ya juyuwa gefe yadda take so. Da ya fara zugi, sai ta sami kanta tana tura buroshin gaba, tana bin tsawon dardumar. Ta yi haka sau biyar ko shida.

"Ke Raili," in ji Sirkka daga bayanta, "haka Mama ta koya miki?"

"Hannuna ke ciwo."

"To sai ki cinye zaren da ya riƙe ta? A kwance ake bi, daga gefe zuwa gefe. Matsa can. Direbar gari guda, ba ta iya tuƙa buroshi ba."

Sirkka ta tuɓe rigar ruwan ta yar a kan akwati, ta naɗe hannun riga, ta ɗauki buroshi na biyun. Ta tambaya na wane ne, Raili ta ce na Pentti. Sirkka ta tsoma shi cikin bokiti. Hannun nan kuwa bai manta komai ba, shekara hamsin da 'yan kai, yana tafiya shar, shar, shar, kumfa na gangarewa baƙi. Raili na kwara ruwa, suna jan dardumar gaba kamu-kamu. Launuka suka fara fitowa. Shuɗin nan mai duhu wandon aikin Baba ne, Sirkka ta gane shi da kanta. Farin mai ratsi labulen madafa ne. Koren da ke biye rigar aikin Raili ce ta farko.

Suka sake ja, Raili ta kwara bokiti, sai ga ruwan goro ya bayyana da burbushin furanni, faɗin tafin hannu huɗu. Buroshin Sirkka ya tsaya. Ta sunkuya ta sa farce ta ɗago bakin tsumman. Ƙyallen ya yi shara-shara har ana ganin haske ta cikinsa, ga ɗinkin faci a jiki da zare mai wani launi.

"Wannan fa?"

"Rigarki ce. Ta farkon da kika aiko. Koriyar na gaba, mai ɗige-ɗigen tana can ƙarshe."

"Ai ba ta sa su ba."

Raili ta ajiye bokiti ta ce wa ya gaya mata haka. Nan Sirkka ta faɗi abin da ta riƙe tun zuwanta na ƙarshe, tana magana idonta a kan ƙyallen. Wai ta buɗe kabad ɗin Mama ta tarar da rigunan a ninke cikin takardarsu, ko ɗaya ba a taɓa ba, rigunan da ta ɗinka bayan tashi aiki, idonta na ruwa don gajiya. Da ta tambaya, Mama ta ce wa zai sa wannan, ai sai a zaci gobara ta tashi. Tun ranar ta gane duk abin da ya fito daga hannunta ba a bukatarsa a gidan. Ranar jana'iza ma har tashar jirgi ta je da tikiti a hannu, ta kasa shiga.

Raili ba ta taɓa jin wannan zance ba, tana wajen koyon tuƙi aka yi shi.

"Adana su take yi, Sirkka. Kunyar abu mai kyau take ji, kin manta halinta? Lahadin da kika tafi ta ciro wannan ta sa. Shekara sha ɗaya tana sa ta, kasuwa da ita, majami'a da ita, har matan gidanmu suka sa mata suna Gobara. Duk wanda ya tanka sai ta ce 'yarta ce ta ɗinka a Suwidin, ba a samun irinta a kanti."

"Me ya hana ta rubuto mini?"

"Mama? Ta zauna ta rubuta ta gode?"

"To ke fa?"

"Ni fushi nake da ke."

Sirkka ba ta nemi wata shaida ba, ita ma 'yar masaƙar ɗakin ƙasa ce, ta san abin da ke shiga darduma da abin da ba ya shiga. Ta shafa facin da babban yatsa, hawaye na sauka kan kumfa, ba ta goge ba. Raili ta juya ta dubi teku, domin a nan ba ma kallon mai kuka. Da ta juyo ta tarar yayarta ta ci gaba da guga, sai dai a hankali take bin wannan wurin.

Ana haka wata mai jagorantar baƙi ta iso da lema a ɗage, mutum ashirin na binta, tana gaya musu da Turanci cewa ga matan gari nan na raya tsohuwar al'ada. Wayoyi suka tashi sama. Wani ƙato mai ƙaton takalmi ya matso don hoto, ya ɗora ƙafa kan gefen da aka riga aka ɗauraye. Kafin Raili ta buɗe baki Sirkka ta daka masa tsawa da harshen Kallio tsantsa, irin na 'yan dakon tasha, ba ko ɗigon rerawar Suwidin a ciki, ta ce ya ɗauke kofatonsa daga rigar uwarta. Mutumin bai ji kalma ɗaya ba, amma ya yi tsalle baya har ya kusa faɗawa ruwa. Dattijon mai gajeren wando ya ce madalla, maganarsa ke nan ta ranar. Raili kuwa tun da take tuƙi ba ta taɓa jin alfahari irin na wannan lokaci ba.

Suka ɗauraye, suka kama gefe da gefe suna nishi, suka tura ta cikin abin matsewa, Raili na juya hannun ƙarfen, Sirkka na tarba tana faɗa wai ta karkace. Da ƙyar suka ɗaga ta kan sandar shanya. Ga ta nan rataye a rana, shuɗi, fari, kore, ruwan goro, tana ɗiga. Suka sayo gahawa da burodin kirfa suka zauna kan benci, ƙafafu jiƙe. Agogon Raili ya nuna huɗu saura kwata. Ga tashar can ana hangowa, jirgin ya tokare sama, motoci na shiga cikinsa. Raili ta ga lokacin, ta kau da kai.

"Kwana nawa take bushewa?" in ji Sirkka.

"Uku, in ba a yi ruwa ba."

"Wa zai kama miki gefe ɗaya?"

"Zan nemi wani."

"Wani! Ya ja miki ita a ƙasa, aikinmu ya tashi a banza."

Huɗu ta yi, huɗu da rabi ta wuce. Ƙarfe biyar jirgin ya busa ƙaho ya janye daga tasha, ya bi ta gabansu zuwa tsakanin tsibirai, mutane cike a samansa suna ɗaga hannu suna ɗaukar hoton matan da ke bakin dandamali. Sirkka ta ɗaga musu buroshin Pentti.

Da suka tashi tafiya sabulun na nan jiƙe, babu abin naɗe shi. Sirkka ta laluba jakarta ta ciro takardar nan mai lamba goma da ba a soke ba, ta naɗe shi a ciki ta jefa a keken cefane. Ta ce gobe da safe a kai ta wurin Mama, yanzu kuma wane jirgi ne ke hawa Kallio. Raili ta ce mai lamba uku, ta karɓi akwatin daga hannunta, ta wuce gaba.